Gidajen bodabil da sinima na titin Broadway a Los Angeles: tasowarsu, faɗuwarsu da abin da ya saura

A tsakiyar birnin Los Angeles na jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, akwai wani titi mai suna Broadway, wanda ba shi ne takwaransa na New York ba. Daga mahaɗarsa da titi na 3 zuwa ɗan gaba da titi na 9, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya da rabi ba, tsofaffin gidajen kallo 12 ne ke tsaye har yau. An gina su tsakanin 1910 da 1931, kuma a lokacin da kasuwarsu ke ci, kujerunsu sun haura dubu 15. A 1979 gwamnatin tarayya ta shigar da unguwar cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasa. Wasu daga cikin gidajen an gina su ne don wasan bodabil, wasu don fim, wasu kuma don a haɗa biyun a zama ɗaya.

Mene ne bodabil?

Kalmar daga faransanci take, ana rubuta ta vaudeville. Mafi yawan masana na danganta ta da kwarin Vire na yankin Normandi, inda aka yi suna da waƙoƙin barkwanci da habaici tun ƙarni na 15. Wasu kuma na cewa asalinta “voix de ville” ne, wato muryar gari. A Faransa kalmar ta koma sunan wasan kwaikwayo na ban dariya irin na Labiche da Feydeau, wanda waɗanda suka yi lakwal za su iya tunawa. A Amurka kuwa ma'anarta daban ce: taron wasanni ne iri-iri da ba su da alaƙa da juna, ana jera su ɗaya bayan ɗaya a dandamali guda. A zama ɗaya mai kallo zai ga mawaƙa, da ƴan rawa, da ƴan kama, da ƴan dabo, da masu alkafura, da masu wasa da dabbobi, wani lokaci har da ɗan dambe ko wani mai lacca.

Kafin shekarun 1880 irin wannan wasa a mashaya ake yin sa, maza ne kawai ke zuwa, kuma batsa ta yi yawa a cikinsa. Tony Pastor ne ya fara tsaftace shi a New York a 1881, don mata da yara su samu shiga. Daga baya B. F. Keith da Edward Albee suka mayar da abin babbar sana'a. A Boston, tun daga 1885, suka riƙa yin wasa ba tsayawa daga hantsi har dare, kowa ya shiga sa'ad da ya ga dama. Sun kafa doka mai tsanani a kan ashar da maganar banza, duk ɗan wasan da ya karya ta kuwa yana iya rasa aikinsa a ranar. Lissafinsu na kasuwa ne: magidancin da ya zo da iyalinsa ya fi gwauro sayen tikiti.

A yammacin ƙasar, wani Bajamushe mai suna Gustav Walter ya buɗe gidan Orpheum a San Francisco a 1887. Matsalarsa ita ce nisa. Manyan ƴan wasa na gabas ba su yarda su yi tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa don gida ɗaya tak ba. Maganin shi ne a samu jerin gidaje a garuruwa daban-daban, ta yadda za a ba ɗan wasa aikin makonni da yawa a jere. Haka kamfanin Orpheum ya miƙa ƙafa zuwa Los Angeles a ƙarshen 1894, sannan Kansas City da sauran garuruwa. A ƙarƙashin Morris Meyerfeld da Martin Beck ya zama shi ke riƙe da manyan gidajen yamma da Chicago, Keith da Albee kuma suna riƙe da gabas.

Yadda ake tsara wasan

A babban gida ana yin wasa sau biyu a rana, da la'asar da kuma dare, kowane zama da fitowa takwas ko tara. Kowace fitowa tana ɗaukar minti 10 zuwa 20, kuma jerin ba a kan ka ake yin sa ba. Ana farawa da wasan da ba a magana a cikinsa, kamar na masu alkafura ko karnuka, domin a lokacin mutane na ta shigowa suna neman kujera. Babban tauraro shi ke fitowa na biyun ƙarshe. Fitowar ƙarshe kuma ana ba da ita ga wanda ba za a damu ba in mutane sun fara tashi. Akwai kuma ƙananan gidaje masu araha, inda tikiti ke kamawa daga senti 10 zuwa 30 (senti 100 ne dalar Amurka ɗaya), ɗan wasa kuwa ya fito sau uku, huɗu ko biyar a yini.

Wannan tsari ya ba ɗan wasa damar rayuwa shekaru da wasa ɗaya na minti 15, tunda kowane mako sabon gari ne da sababbin ƴan kallo. Sai dai wuƙa da nama suna hannun ofisoshin ɗaukar ƴan wasa. Ofishin da Keith da Albee suka kafa a 1906 yana cire kashi 5 cikin 100 na albashin duk wanda ya sama wa aiki, wanda kuma ya kuskura ya yi wasa a gidan abokin hamayya sai a sa sunansa cikin waɗanda ba a ɗauka. Ƴan wasa sun kafa ƙungiyarsu mai suna White Rats a 1900, sun yi yajin aiki a 1901, amma ba su taɓa karya ƙarfin masu gidajen ba.

Garin da ya girma kan ka ce kwabo

A 1880 mazauna Los Angeles kimanin dubu 11 ne kawai. Jirgin ƙasa na kamfanin Southern Pacific ya iso garin a 1876, na Santa Fe kuma ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1880, gasar da suka shiga ta karya kuɗin tafiya, baƙi suka yi ta kwarara. An haƙo man fetur a cikin garin a 1892. A 1913 injiniya William Mulholland ya kammala hanyar ruwa mai tsawon kilomita 375 daga kwarin Owens, abin da ya ba garin damar faɗaɗa duk da ƙarancin ruwan sama. Ƙidayar 1900 ta nuna mutum dubu 102, ta 1910 dubu 319, ta 1920 dubu 577, ta 1930 kuwa sama da miliyan 1 da dubu 200.

Duk wannan jama'a tsakiyar gari take dosa, domin can ne hanyoyin jiragen cikin gari masu aiki da lantarki suka haɗu. Jajaye na kamfanin Pacific Electric, wanda Henry Huntington ya kafa a 1901, suna kwaso mutane daga garuruwan kewaye a kan layin dogo da ya haura kilomita 1,600. Rawaya kuma suna zagaya unguwannin cikin gari. Magidanci na iya barin gidansa da yamma, ya sauka a bakin gidan kallo, ya koma gida a jirgin ƙarshe.

Da farko harkar nishaɗi a titin Main take, kusa da tsohon dandalin garin. Can aka gina gidan Merced a 1870, wanda shi ne na farko da aka yi musamman don wasan kwaikwayo a garin, sai Grand Opera House a 1884, inda Orpheum ya fara zama. Titin Spring ya zama na bankuna. Broadway, wanda har 1890 ake kira Fort Street, shi ya ja manyan kantuna: Bullock's ya buɗe a mahaɗar titi na 7 a 1907, Hamburger's ya koma titi na 8 a 1908. Inda mata ke sayayya da rana, nan masu gidajen kallo suka ga kasuwa. Orpheum ya bar Main zuwa Spring a 1903, ya koma Broadway a 1911. Titin Main ya rage wa ƙananan gidaje masu araha, da na rawar tsiraici, da na baƙi ƴan ci-rani, irin su Teatro Hidalgo da ke wasa da sifaniyanci ga ƴan Meksiko, waɗanda juyin juya halin 1910 ya ƙara yawansu a garin.

Shigowar fim

Ƴan'uwan nan Lumière sun nuna fim ga jama'a da kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895. A Amurka, majigin Edison mai suna Vitascope ya fara aiki a New York ranar 23 ga Afrilu 1896, a wani gidan kiɗa da wasanni. A watan Yulin shekarar ya iso gidan Orpheum na Los Angeles. Wato a cikin bodabil fim ya fara rayuwa, a matsayin fitowa ɗaya cikin takwas ko tara. Finafinan gajeru ne, ba su da magana, kuma da mamakinsu ya ragu sai wasu gidaje suka riƙa ajiye su a ƙarshe, lokacin da mutane ke fita.

Thomas Tally, wanda ke da shagon sauraren garmaho a titin Spring, ya ga cewa fim zai iya tsayawa da ƙafarsa. A watan Afrilun 1902 ya buɗe Electric Theatre a titin Main, tikiti senti 10, ba a nuna kome sai fim. Ana lissafa shi cikin gidajen sinima na farko a Amurka. Bayan an buɗe wani mai suna Nickelodeon a Pittsburgh a 1905, inda ake shiga da senti 5, irin waɗannan wurare suka bazu, har suka kai kimanin dubu 8 a ƙasar a 1908. Yawancinsu shago ne aka jera wa benci, aka rataya farin ƙyalle, aka ajiye mai kaɗa piyano a gefe. Leburori da baƙin da ba su jin turanci su ne manyan masu zuwa, tunda fim marar magana ba ya bukatar tafinta.

Hatsarin gobara shi ne babban abin tsoro. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, yana kamawa da ɗan zafi kaɗan, kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Gobarar gidan Iroquois na Chicago, ranar 30 ga Disamba 1903, ba daga fim ta tashi ba, amma ta kashe mutum kusan 600, ta kuma sa birane suka tsaurara doka: ƙofofi su riƙa buɗewa ta waje, a sa alamar mafita mai haske, a rataya labulen da wuta ba ta ci. Mai haska fim ma aka killace shi a ɗaki na musamman. Waɗannan dokoki sun sa ƙananan shaguna sun kasa, masu jari suka shigo da gine-ginen kankare da ƙarfe.

A Broadway, shekarar 1910 ta kawo gidaje biyu da ke kusa da juna: Clune's Broadway na William Clune, wanda aka gina don fim kawai, da Pantages na bodabil. Mai na biyun, Alexander Pantages, ɗan Girka ne da ya bar gida yana yaro, ya je neman zinariya a Klondike na ƙasar Kanada, ya buɗe gidan kallo a Seattle a 1902. A 1911 aka buɗe Orpheum na uku, mai kujeru kusan dubu 2, zanen G. Albert Lansburgh. Ɗan dabon nan Harry Houdini, da Will Rogers, da ƴar wasan Faransa Sarah Bernhardt duk sun hau dandamalinsa. A 1913 Oliver Morosco ya buɗe nasa don cikakken wasan kwaikwayo.

A daidai wannan lokaci masu shirya fim ke tarewa a garin, saboda rana da ke haskawa kusan duk shekara da arahar fili. Kamfanin Selig ya zauna a unguwar Edendale a 1909, Nestor a Hollywood a 1911, Keystone na Mack Sennett a 1912. Bodabil ne ya ba su ma'aikata. Charlie Chaplin, wanda ƙasashe masu faransanci suka sani da Charlot, ya zo Amurka ne da ƙungiyar Fred Karno ta Ingila yana zagaya gidajen bodabil, kafin Keystone ya ɗauke shi a ƙarshen 1913 kan dala 150 a mako. Buster Keaton tun yana ƙaramin yaro yake wasa tare da iyayensa. A 1917 kamfanin First National, wanda Tally na cikin waɗanda suka kafa shi, ya ba Chaplin kwangilar dala miliyan 1 don finafinai takwas.

Zamanin fadojin sinima

Da finafinai suka tsawaita suka kai awa ɗaya da rabi ko biyu, masu gidaje suka nemi jawo masu hannu da shuni da suke raina ƙananan shagunan. Hanyar da suka bi ita ce gina gidan da ya yi kama da fada. Sid Grauman, wanda shi da mahaifinsa suka nuna fim a cikin tanti bayan girgizar ƙasar San Francisco ta 1906, ya buɗe Million Dollar ranar 1 ga Fabrairu 1918. Kujerunsa 2,345, kuma fim ɗin kaboyi na William S. Hart mai suna The Silent Man aka fara nunawa. Grauman ya saba gabatar da wasa na zahiri, da mawaƙa da ƴan rawa, kafin a kunna majigi.

Loew's State ya biyo baya a 1921 a mahaɗar Broadway da titi na 7, wadda ta fi kowace cunkoso a garin. Mai shi, Marcus Loew, shi ya haɗa kamfanin MGM a 1924 don gidajensa su samu finafinai a kai a kai. A 1923 Grauman ya buɗe Metropolitan a titin Hill, mai kujeru sama da dubu 3, wanda ya fi kowane girma a garin. Orpheum na huɗu ya buɗe ranar 15 ga Fabrairu 1926, tsohon kuma aka sake masa suna Palace. A 1927 aka samu Tower, wanda matashin mai zane S. Charles Lee ya cusa kujeru kusan 900 a fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 46, sai United Artists na Chaplin, Mary Pickford, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith, wanda aka yi wa ado irin na tsofaffin majami'un Sifaniya.

Galibin gidajen a ƙarƙashin benen ofisoshi suke, da shaguna a bakin titi, domin kuɗin haya ya taimaka wajen biyan bashin gini. Dokar gari ta hana gini ya wuce mita 45, shi ya sa benayen titin suka yi kusan kai ɗaya. A ciki akwai rukunin makaɗa, da babbar na'urar kiɗa mai bututun iska da ake kira ogan, da samari masu kaki da ke raka mutum har kujerarsa. Da kuɗin da bai kai dala ɗaya ba, ƴar aikin kanti na iya zama a ƙarƙashin fitilun ƙarau da rufi mai ruwan zinariya.

Wa ke zama a ina

Ba kowa ne ya samu wannan tarba ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 dokar Kalifoniya ta hana nuna bambanci a gidajen kallo, amma a aikace sau da yawa ana tura baƙar fata da ƴan Meksiko da ƴan Asiya can barandar sama ko gefe. Orpheum na 1911 yana da baranda ta ƙoli mai ƙofarta daban, wadda mai hawanta ba ya haɗuwa da na ƙasa. A dandamali ma, turawa kan shafa baƙi a fuska su kwaikwayi baƙar fata cikin izgili. Bert Williams, haifaffen tsibiran Bahamas da ya tashi a Kalifoniya, yana cikin ƴan kaman da suka fi kowa suna a zamaninsa, amma shi ma sai da ya riƙa shafa baƙin kafin ya fito.

Ranar 8 ga Fabrairu 1915 aka fara nuna fim ɗin Griffith mai suna The Clansman a Clune's Auditorium, ɗan nesa kaɗan da Broadway. Shi ne aka sake wa suna The Birth of a Nation. Fim ɗin ya ɗaukaka ƙungiyar Ku Klux Klan, ya ci mutuncin baƙar fata. Reshen ƙungiyar NAACP na garin ya yi ƙoƙarin hana shi, amma kotu ta ba da damar a nuna. A wannan shekarar aka sake farfaɗo da Klan a jihar Jojiya. Sai a 1927 baƙar fatar Los Angeles suka samu babban gida a unguwarsu, wato Lincoln na titin Central, inda daga baya Duke Ellington, Lionel Hampton da Billie Holiday suka yi wasa.

Fim mai magana da ƙarshen bodabil

Ranar 6 ga Oktoba 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, wanda Al Jolson, shi ma ɗan bodabil, ya yi waƙa da magana a ciki. Ana lissafa Tower a matsayin gidan farko a Los Angeles da aka sa wa na'urar sauti. Daga nan lissafi ya juye. Mai gida da ke biyan ƴan wasa tara da makaɗa da masu jan labule kowane mako ya ga cewa hayar fim ɗaya ta fi araha nesa ba kusa ba. Rediyo kuma ya kai ƴan kama cikin ɗakin mutane kyauta, wasan minti 15 da a da ake ci da shi shekaru ya ƙare a dare ɗaya. Dubban makaɗa suka rasa aiki a faɗin ƙasar.

A 1928 gidajen Keith, Albee da Orpheum suka haɗe, kafin shekarar ta ƙare kuma suka shiga sabon kamfanin fim na RKO. Pantages ya sayar da yawancin gidajensa a 1929, babban gidansa na titin Hill da ya gina a 1920 ya koma hannun Warner. A 1932 Palace na New York, wanda hawa dandamalinsa shi ne burin kowane ɗan bodabil, ya koma nuna fim. Waɗanda suka tsira su ne suka koma fim da rediyo, irin su ƴan'uwan Marx, Jack Benny, Fred Astaire da Judy Garland, wadda tana yarinya ta yi wasa a State tare da yayyenta.

Fada ta ƙarshe ita ce Los Angeles Theatre, wadda H. L. Gumbiner ya kashe sama da dala miliyan 1 ya gina a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929. An yi mata ado irin na fadojin sarakunan Faransa, da ɗakin wasan yara, da wani ɗaki mai gilashi inda uwa mai goyo ke kallo ba tare da kukan jariri ya dami kowa ba. An buɗe ta ranar 30 ga Janairu 1931 da City Lights na Chaplin, wanda ya zo tare da Albert Einstein. Ana tsakiyar kallo aka tsayar da fim, aka kunna fitilu don a yaba wa gidan, abin da ya fusata Chaplin ƙwarai. Shekarar ba ta ƙare ba gidan ya suɓuce wa Gumbiner saboda bashi. Roxie da aka buɗe a ƙarshen 1931 shi ne na ƙarshe da aka gina a titin.

Faɗuwar unguwar da waɗanda suka riƙe ta

Tun a shekarun 1920 Broadway ya samu kishiya, domin Grauman da kansa ya gina Egyptian a 1922 da Chinese a 1927 a Hollywood, manyan bukukuwan fitar da fim suka koma can. Duk da haka kasuwa ta ci gaba har bayan yaƙin duniya na biyu. A 1946 ana sayar da tikiti miliyan 80 zuwa 90 kowane mako a Amurka. Daga nan abubuwa suka taru. A 1948 kotun ƙoli ta tilasta wa manyan kamfanonin fim rabuwa da gidajen sinimarsu. Talabijin ya shiga gidaje, har ya gaji tsarin bodabil a shirye-shirye irin na Ed Sullivan. Manyan hanyoyin mota, da suka fara da ta Pasadena a 1940, suka kwashe masu hali zuwa bayan gari. Jajayen jirage sun daina aiki a 1961, rawaya a 1963. An rushe Metropolitan a farkon shekarun 1960, Clune's Auditorium kuma a 1985.

Masu jin sifaniyanci ne suka hana fitilun Broadway mutuwa. Daga wajen 1950 Frank Fouce ya mayar da Million Dollar gidan finafinai da wasannin Meksiko, inda taurari irin su María Félix, Pedro Infante da Vicente Fernández suka fito a gaban jama'a. Titin ya zama babbar kasuwar ƴan Latin Amurka, da shagunan tufafi da na kayan biki. Akwai kuma wani dalili: sababbin dogayen benaye a tudun Bunker Hill aka gina su, don haka babu mai jarin da ya damu ya sayi Broadway ya rushe. Kaset na bidiyo da gidajen sinima masu ɗakuna da yawa su suka ƙarasa abin da ya rage, gidajen suka yi ta rufewa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2000.

Abin da ya saura

Ƙungiyar Los Angeles Conservancy, wadda aka kafa a 1978, ta fara nuna tsofaffin finafinai a gidajen a 1987 don mutanen gari su san abin da suke da shi. Dokar gari ta 1999 ta sauƙaƙa mayar da tsofaffin benayen ofisoshi gidajen kwana, mazauna suka fara komowa, a 2008 kuma hukumar birni ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da titin. Sakamakon ya bambanta daga gida zuwa gida.

Orpheum, da aka gyara a 2001, shi ya fi kowane aiki, kuma ogan ɗinsa na 1928 na nan a wurinsa. United Artists ya yi shekaru a hannun wani mai wa'azin kirista kafin a gyara shi ya koma gidan kiɗa a 2014. Palace, Los Angeles da Million Dollar ana buɗe su don bukukuwa da ɗaukar fim. Morosco, wanda ya koma Globe, ya zama kasuwa, daga baya gidan rawa. State ya daɗe a matsayin coci. Rialto na 1917 ya koma kantin tufafi a 2013, Tower kuma kantin Apple a 2021. Clune's Broadway da ya koma Cameo, da Pantages na farko da ya koma Arcade, da Roxie, an yanka gabansu shaguna, zaurukan kallon kuma a rufe suke.

Muhawarar da ake yi a kansu ta kuɗi ce. Zaure mai kujeru dubu 2 yana cin kuɗin wuta, da gyaran rufi, da ƙarfafa gini saboda girgizar ƙasa, kuma gidajen duk na ƴan kasuwa ne masu zaman kansu. Shiga rajistar tarihi ta tarayya na ba mai gida rangwamen haraji in ya yi gyara bisa ƙa'ida, amma ita kaɗai ba ta hana shi rushewa. Masu goyon bayan mayar da su kantuna na cewa mai haya ne ke biyan gyaran ado da rufi. Masu adawa kuma na cewa da zarar an cire kujeru an daidaita daɓe, da wuya gidan ya sake zama na kallo, kuma hayar da ke tashi tana korar ƙananan ƴan kasuwar da suka riƙe titin shekaru 50.